Gidan Su Washiela a Jikin Bango

Kafin komai, ina gaida baiwar Allahn da ta rubuto min wancan makon tana ba ni shawarar in rina gemuna. Na gode, 'yar'uwa. In kin gama karanta na yau za ki gane lamarina ya wuce rini.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Armien, shekarata hamsin da shida, sana'ata filasta, shafe bango da gyaran silin, irin ta ubana da kakana. Ban taɓa aure ba. Da ina da uzuri, ina jinyar mahaifiyarmu. Shekara uku ke nan da rasuwarta, uzurin ya bi ta, ya bar ni tsaye a fili. Ni kaɗai nake zaune a gidanmu na gado a unguwar Bo-Kaap, ɗaki huɗu, kujera shida, kofi ɗaya da nake wankewa in sake sha da shi. Yayata Koelsum, wadda duk layin ke kira Tietie, ƙofarta na kallon tawa, tagarta kuma na kallon rayuwata.

Ita ta nemo min Washiela. Tare suka yi shekara ashirin da wani abu a kan keken ɗinki a wata masana'antar tufafi ta unguwar Salt River. Mijin Washiela ya rasu shekara shida da suka wuce. Sau uku muka haɗu a falon Tietie, Tietie na zaune a tsakiya, tana yi min tambaya a madadin Washiela, tana kuma ba da amsa a madadina. Ni dai na sha shayi. Amma na lura da yadda Washiela ke juya kofi a tafin hannunta kafin ta kurɓa, kuma tun daga ranar, in na shiga gidana sai in ji ya ƙara girma.

Matsalar ita ce 'yarta ɗaya tilo, Shamiela, tana aikin jinya a Perth, can Ostireliya, ta kuma tasa uwar a gaba: ki sayar da gidan unguwar Lentegeur ki taho, wa kike wa zama? Washiela ta ce za ta ba ta amsa kafin wata ya ƙare.

Ranar Alhamis ina kan tsani sai wayata ta yi ƙara.

"Salam Boeta Armien. Asabar ƙarfe sha ɗaya, ƙofar tsohon gidan zane-zanen nan na ƙarshen lambun birni. Akwai abin da nake so ka gani kafin in ba Shamiela amsa. Kar ka zo da Tietie."

Boeta, wato yaya, haka ake girmama namiji a wurinmu. Sau goma sha ɗaya na karanta, har kwaɓin da ke hannuna ya sandare. Daga ƙofata zuwa gidan nan tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, amma ban taɓa shiga ba. Muna yara mun san ba don mu aka gina shi ba, da muka girma kuma ƙafa ta riga ta saba wucewa. Ni da zane, iyakata kalandar da mai sayar min da siminti ke ba ni duk shekara.

Asabar da safe, ban ko gama shayi ba, sai ga Tietie da dutsen guga a hammata.

"Wa ya ce miki fita zan yi?" na tambaye ta.

"Ka goge takalmi ka ajiye a baranda. Rabonka da goge takalmi tun ranar addu'ar arba'in ɗin Mama. Ina za ku haɗu?"

"An ce kar in zo da ke."

"Ai ban ce zan je ba, tuzurun banza. Miƙo rigar."

Ta goge min farar riga har wuyan ya tsaya kamar kwali. Ta ciro kwat ɗin nan ruwan toka da na sa a bikin ɗanta, wadda yanzu maɓallinta da ramin maɓallin sai dai su gaisa daga nesa. Na ɗora farar hulata ta saƙa. Ta ja baya ta ƙare min kallo, sai ta miƙo hannu ta zare tabarau ɗin da ke rataye a wuyana.

"Wannan a gida zai zauna. Kana kama da ma'aikacin gidan waya da aka manta ba a sallama ba."

"Tietie, ba na ganin ƙananan rubutu in babu shi."

"Karatu za ka je ko zance? Kuma ka saurare ni da kyau. Sau uku kana zaune gaban matar nan kamar an dasa ka. Mace ba ta auren bango. Duk abin da ta nuna maka, ka ce wani abu. Ko me ne ne. Ka ji?"

Na ce na ji. Jama'a, ku riƙe wannan: shekara hamsin da shida ban taɓa bin shawarar Tietie ba sai ranar.

Tun goma da kwata na isa. Na zauna a benci, iska na neman raba ni da hulata. Samari da 'yan mata na ta ɗaukar juna hoto. Wani kurege ya sauko daga bishiya ya zo gabana, ya dubi hannuna, ya ga babu gyaɗa, ya dubi fuskata, ya ga nan ma babu komai, ya tafi.

Sha ɗaya daidai ta iso. Doguwar riga shuɗiya mai duhu da ƙananan furanni farare, daga ganin yadda kafaɗar ta zauna ka san ita ta ɗinka abinta. Mayafi ruwan madara, an kama shi da fil mai kan lu'ulu'u a ƙarƙashin haɓa. Takalmi marar tudu, jaka a gaba ta riƙe da hannu biyu. Ta dube ni daga hula har ƙasa.

"Boeta Armien, daga nan ɗaurin aure za ka wuce?"

Amsar da ta dace ita ce "in kin yarda". Ta zo min kuwa, amma sai da muka shiga ɗaki na uku. A lokacin cewa na yi, "A'a."

Yarinyar da ke yankan tikiti ta ɗago ta ce, "Na masu fansho guda ɗaya, ko?" Kuma ni take kallo. Washiela ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Ciki shiru kamar masallaci tsakanin salloli, sai takalmina. Duk taku ɗaya sai ya yi ƙiiƙ, kamar ina taka ɓera. Muka wuce tsofaffin Turawa masu gashin aro da karnukansu, muka wuce jiragen ruwa cikin hadari, muka wuce wani abu da aka haɗa da waya da murafun kwalba wanda har yanzu ban san ko saniya ce ko kujera ba. Ban san me ake cewa ba. Sai na ɗaga kai.

Kai! Silin ɗin nan. Aikin hannu ne, na da, irin wanda ake jan layin ado a jikin ɗanyar farar ƙasa tun daga wannan kusurwa har waccan ba tare da numfashi ya karkata ba. Na tsaya na nuna mata inda mai aikin ya haɗa kusurwa babu ko alamar gaɓa. Na gaya mata yadda ubana ke sa ni riƙe masa fitila a gefe don inuwa ta tona asirin bango. Rabon da in yi magana mai tsawon haka da mace, in ba Tietie ba, na manta.

"Kowa na kallon bango, kai kana kallon sama," ta ce. Amma murmushi take yi.

Nan fa kaina ya kumbura. Na ce a raina, Armien, ashe kai ma akwai ka.

Ta kai ni wani ƙaramin ɗaki can ƙurya. Benci ɗaya a tsakiya, wata mai gadi mai jiki tana zaune a kujera kusa da ƙofa. Washiela ba ta dubi komai ba, ta tafi kai tsaye gaban wani zane da bai fi faifan shayi girma ba, ta tsaya.

Wani layi ne mai gangara, gidaje sun jingina da juna, shanya a kan igiya, dutse a baya. A tsakiya wani gida mai koriyar ƙofa. Ƙarƙashin zanen akwai ɗan farin kati mai rubutu, amma a idona tururuwa ce kawai ta yi layi.

Ta ƙura wa zanen ido. Minti ɗaya. Biyu. Na ji muryar Tietie a ƙeyata: ka ce wani abu, ko me ne ne. Na gyara murya.

"Mai zanen dai ya iya hannunsa," na ce. "Amma wanda ya yi filastar gidan nan mai koriyar ƙofa, Allah ya yafe masa. Dubi yadda bangon ya yi ciki. Danshi ya cinye shi tun daga tushe. Irin wannan ba a gyara shi, asarar siminti ce. In ni aka kira, cewa zan yi a rushe kowa ya huta."

Kujerar mai gadi ta yi ƙara.

Washiela ba ta juyo ba. Da ta yi magana, muryarta a kwance take, kamar mai faɗin kuɗin mota.

"Ai sun ji shawararka, Boeta. Sun rushe."

Na sake duban gidan da ke cikin zanen.

"Shekarata takwas," ta ce. "Ranar Talata ce da safe. Tagar can ta hagu, nan aka haife ni. Filastar kuma babana ne ya yi. Ba magini ba ne, tela ne. Ranar Lahadi yake yi, da abin da ya samu."

District Six. Babu ɗan garin nan da ke buƙatar a yi masa bayani. Gwamnatin wariyar launin fata ta ce unguwar ta Turawa ce, ta loda mutane a manyan motoci ta watsa su can cikin yashi bayan gari, ta turo motocin rusau. Mu na Bo-Kaap an bar mu. Ni har yau a ɗakin da aka yanke min cibiya nake kwana. Ina kallon dutsen nan a bayan zanen, dutsen da nake gani kullum daga barandata, amma idona ya tafi kan danshi.

"Washiela, wallahi ban..."

"Ba mu da hoton gidan ko ɗaya. Akwatin hotunan ruwa ya ci a hanya. A duk duniya nan kaɗai ƙofar ta rage. Duk shekara ina zuwa a watan da Baba ya rasu. Ban taɓa kawo mijina ba, Allah ya ji ƙansa, cewa zai yi in bar tone-tone. Ban taɓa kawo Shamiela ba. Ta tambaye ni me ya rage min a garin nan. Na ce bari in nuna wa mutum ɗaya, in ga ko za mu zama mu biyu."

Sai a lokacin ta dube ni. Babu hawaye, babu fushi. Da ma ta zage ni.

"Na san ba mugu ba ne kai," ta ce. "Da mugu ne da abin ya fi sauƙi."

Ta gyara jakarta. Na ɗaga ƙafa zan bi ta, takalmin ya yi ƙiiƙ.

"Kar ka raka ni. Takalminka zai tashi mutanen da ke jikin bango."

Ta fita. Nata takalmin ko sauti ba ya yi.

Na zauna a bencin nan. Can sai mai gadin ta yi ajiyar zuciya.

"Tata," ta ce, yadda 'yan ƙabilar Xhosa ke kiran dattijo, "shekarata goma sha ɗaya a kujerar nan. Na ga wanda ya lashi zane. Na ga wanda ya yi barci har da minshari. Yau ne na fara ganin mutum ya rushe gida da baki."

"Sisi," na ce, wato 'yar'uwa a yarensu, "ki ƙyale ni da abin da ke damuna."

"Ba ka karanta katin ba ne?"

"An ƙwace min tabarau."

"Wa?"

"Yayata."

Ta dube ni, ta dubi furfurata, ta girgiza kai. Sannan ta cire nata daga wuya ta miƙo min. Ruwan hoda ne, da sarƙar duwatsu masu ƙyalli. "Sunana Nontobeko, in za ka gudu da shi ka san wadda ka cuta. Matar nan duk shekara sai ta zo. Takan tsaya rabin awa, ta yi min sallama, ta tafi. Yau da na gan ta da mutum har na ji daɗi."

Haka na tsaya gaban zanen, namiji mai gemu da kwat da hular salla da tabarau ruwan hoda. Katin ya ce layi ne a District Six, shekarar 1971. Na lissafa: tana da shekara uku.

Mutane suka shigo suka fita. Wasu Turawa biyu, miji da mata, sun tsufa tare, shi yana riƙe mata rigar sanyi ba tare da ta roƙa ba. Na kawar da kai. Aka bar ni da Nontobeko da koriyar ƙofa.

Bangon dai ya yi ciki. Ban yi ƙarya ba, wannan ne abin haushin. Amma da tabarau na ga abin da ban gani ba da farko: faci ne a kan faci, launi huɗu, kowanne da Lahadinsa. Mutum ne da bai iya ba, amma bai taɓa bari ba.

Sai idona ya sauka kan matakalar ƙofar. Matakai uku na dutse, dogaye, irin na gidajen gangara. A ƙasansu kuma, daga gefe ɗaya, mai zanen ya ja ɗan layi mai duhu. Duk wanda ya gani zai ce inuwa ce. Ba inuwa ba ce, rana daga ɗaya gefen take. Mataki ne na huɗu, ƙarami, rabin sauran, na sabon siminti da ko fari bai gama yi ba. Na yi irinsa ya fi sau hamsin. Mutum biyu kawai ake yi wa shi: tsohon da gwiwa ta gaza, ko yaron da ƙafarsa ba ta kai ba.

Na ciro waya. Na rubuta "Ki yi haƙuri", na goge. Na rubuta "Tietie ce ta ce", na goge, don ko tuzuru yana da sauran kunya. A ƙarshe na tura:

"Har yanzu ina gaban gidanku. Matakan uku ne, amma an ƙara ƙarami a ƙasa ta hannun dama, simintin sabo ne. Wa babanki ya yi wa?"

Alama ta nuna ta karanta. Na jira. Na mayar wa Nontobeko tabarau ɗinta, na jira. Na yi azahar a masallacin hanya, na jira. Babu komai.

Tietie na baranda tana tsintar wake lokacin da na hawo layinmu.

"To? Ka yi magana?"

"Na yi."

"Alhamdulillahi! Me ta ce?"

"Ta ce ni ba mugu ba ne."

Hannunta ya tsaya cikin waken. Tietie ta san mata. Ba ta ƙara tambaya ba, sai cewa ta yi, "Akwai sauran miyar tumatir a tukunya, in aiko?" Na ce na ƙoshi.

Na shiga gida, na rataye kwat a bayan kujera, na ci burodi a tsaye gaban tagar kicin. Agogon Mama na bugawa a falo. Ban taɓa lura yana da ƙara haka ba. Na ajiye wayar a kan teburi, fuskarta sama, na zauna muna kallon juna.

Bayan la'asar wayar ta yi haske.

"Ni aka yi wa. Wallahi na manta da shi sai yanzu. Shekara talatin ina kallon zanen nan."

Kafin in numfasa wani ya shigo.

"Akwai sawun ƙafata a jiki. Na taka kafin ya bushe, Baba ya ƙi shafewa."

Na sa tabarau na sake karantawa, sai gilashin ya yi hazo, na cire na goge da gefen riga. Na fara rubuta amsa, na uku ya riga ni.

"Tun ina cikin mota na ce wa Shamiela ta nemi tikiti. Ta samu na ashirin da takwas ga wata."

Na ajiye wayar. Na tashi na wanke kofin da yake a wanke. Ina tsaye a nan, ruwa na zuba, wayar ta sake ƙara.

"Matakin ƙofata ya tsage tun shekarar da Abban Shamiela ya rasu. Ba zan bar wa mai sayen gida shi haka ba. In kana da sarari ka zo Litinin ka duba. Ka zo da kayan aiki. Bakinka kuma, ka bar wa Tietie ajiya."

To, masu karatu, ku da kuka fi ni sanin waɗannan abubuwa: manemi aka kira ko lebura? Na karanta saƙon ta gaba, na karanta ta baya, ban gane ba. Magina sun cika Lentegeur, ko maƙwabcinta zai iya yi mata. Amma kuma ta ce mai sayen gida.

Abin da na sani shi ne gyaran mataki aikin awa uku ne. Shekara talatin da takwas ina sana'ar nan, kuma abin alfaharina ɗaya a duniya shi ne ban taɓa ja wa kowa aiki ba. Abokan sana'ata har tsokanata suke, wai ina ɓata musu suna.

Na ɗauko fensir na zauna. Sai an fasa tsohon an duba tushe, kwana biyu. Yashin da za a fara kawowa ba zai yi min ba, sai an canza. Juma'a ba na aiki. Siminti kuma sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, kuma ba kowa zan yarda ya ba shi ba. In na ga bangon gefen ya yi ciki, zan yi shiru in yi masa faci.

Na haɗa duk rashin kunyar da sana'ata ta sani, ta ba ni kwana goma sha tara. Daga Litinin zuwa jirginta kwana ashirin da uku ne.

Kwana huɗun da suka rage babu simintin da zan ɓuya a bayansa. Dole in je wurin Tietie in karɓo ajiyar bakina.